Uwar Hoto a Hannun Mai Wanki

Gabatarwa

Duk wanda ya yi wayo kafin zuwan wayar hannu ya san ambulan ɗin nan da ake karɓowa daga wurin wankin hoto. A gaba ga katunan hotuna, a aljihun baya kuma ga waɗansu siraran ledoji masu launin ruwan goro, waɗanda idan aka ɗaga su a haske sai a ga baƙar fuska ta koma fara, farar riga ta koma baƙa. Su ne masu sana'a ke kira nagatif. Mu kuwa a wannan maƙala za mu riƙa kiran su uwar hoto, domin daga jikinsu ake haifar kowane kati. Jama'a da yawa katin suke ɗauka su adana, uwar kuwa a bar wa yara su yi wasa da ita.

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A wannan fitowa za mu waiwayi tarihin wannan 'yar leda, mu ga yadda aka yi ta bar hannun mai ɗauka ta koma hannun mai wanki, da kuma abin da ya biyo baya a inda aka riƙe amanarta.

Daga faranti zuwa gilashi

A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre a birnin Faris na ƙasar Faransa. Hotonsa a kan farantin jan ƙarfe da aka shafe da azurfa yake fita, kuma ƙwaya ɗaya tak ake samu. Ba shi da uwa, saboda haka ba a iya ƙara buga shi. A Ingila kuwa, tun a 1835 William Henry Fox Talbot ya ɗauki hoton wata taga ta gidansa a kan takarda, inda haske ya fita a matsayin duhu, duhu a matsayin haske. Da ya kyautata dabarar ya yi mata rajista a 1841. Amfaninta shi ne, idan aka ɗora wannan takarda a kan wata sabuwa aka haska, sai hoton ya juyo daidai, kuma ana iya maimaitawa sau nawa ake so. Wannan hanya ta Talbot ita ce ta ɗore.

A 1851 Frederick Scott Archer ya kawo uwar hoto ta gilashi. Sai dai tilas a shafa maganin, a ɗauki hoton, a kuma wanke shi tun gilashin bai bushe ba, wato cikin 'yan mintoci. Shi ya sa Roger Fenton, da ya tafi ɗaukar hotunan yaƙin Kirimiya a 1855, ya tafi da keken doki da ya mayar ɗakin duhu. Abin lura a nan shi ne, a wancan zamani mai ɗauka shi ne mai wanki. Babu wanda ke neman amintaccen wurin wanki, tunda ba ya miƙa wa kowa kayansa.

Ranar da aka raba aikin biyu

George Eastman ne ya raba wannan aiki. A 1888 ya fito da kyamarar Kodak a kan dala 25, da fim na hoto 100 a cikinta. Idan mutum ya cinye fim ɗin sai ya aika da kyamarar gaba ɗaya ta gidan waya zuwa garin Rochester a Amurka, ya biya dala 10, a wanke, a buga, a sa sabon fim a maido masa. Tallar kamfanin ita ce, kai dai danna maɓalli, sauran aikin nasu ne. A 1900 kuma aka fito da kyamarar Brownie a kan dala 1, hoto ya shiga hannun talaka da yara.

Daga nan ne batun amana ya taso, kuma yana da kyau mai karatu ya san dalili. Fim ɗin da aka ɗauka ba a wanke ba, babu abin da ido zai gani a jikinsa. Hoton yana ɓoye a cikin sinadarin azurfa. Magani na farko shi ke fito da shi, na biyu ya tsayar da shi ya kwashe ragowar sinadarin da haske bai taɓa ba, sannan a ɗauraye da ruwa a shanya. Kati idan ya ɓaci ana sake buga wani, amma wankin fim sau ɗaya ake yin sa. In haske ya kutsa ɗakin, ko magani ya tsufa, ko zafinsa ya kauce, to, shi ke nan, bikin da aka ɗauka ba zai dawo a sake ba.

Da fim mai launi ya zo, kamfanin Kodak ya riƙa haɗa kuɗin wanki a cikin kuɗin fim, ta yadda shi kaɗai ke wankewa. A 1954 hukumomin Amurka suka sa ya daina hakan a ƙasar, ƙofa ta buɗe wa masu wanki masu zaman kansu. Wajen ƙarshen shekarun 1970 ƙananan injinan wanki, irin na kamfanin Noritsu na Jafan, suka fara shiga shaguna, har aka kai ga wankin awa ɗaya.

Kwalaye uku daga Faris

Babu labarin da ya fi nuna darajar amintaccen mai wanki kamar na Imre Weisz, wanda abokansa ke kira Csiki. Mutumin Hangare ne, kuma shi ke kula da ɗakin duhun Robert Capa a Faris. Capa da Gerda Taro da David Seymour su ne suka ɗauki hotunan yaƙin basasar Sifen da aka yi daga 1936 zuwa 1939. Taro a bakin aiki ta rasu a 1937, lokacin da wata tankar yaƙi ta buge ta a yankin Brunete.

A 1939, da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, Capa ya tsere zuwa Amurka ya bar kayan aikinsa a hannun Weisz. Da sojojin Jamus suka doso Faris, Weisz, wanda shi ma Bayahude ne da ke gudun ransa, bai bar amanar ba. Kamar yadda ya bayyana a wata wasiƙa a 1975, zuba nagatif ɗin ya yi a jakar goyo, ya hau keke ya nufi garin Bordeaux na bakin teku, da nufin ya sa su a jirgin ruwan da zai tafi Meziko. A can ya gamu da wani mutumin ƙasar Cile, ya roƙe shi ya kai su ofishin jakadancin ƙasarsu. Shi kuwa Weisz an tsare shi a Maroko, sai daga baya ya samu fita ya isa Meziko.

Daga nan labarin kayan ya yanke. Capa ya taka nakiya a Biyetnam a 1954, Seymour kuma aka harbe shi a Masar a 1956, dukansu ba su sake ganin aikinsu ba. Ashe kayan sun shiga cikin tarkacen Janar Francisco Aguilar González, jakadan Meziko a Faransa a 1941 da 1942, ya koma gida da su. Sai a shekarun 1990 aka gane suna nan, kuma sai a Disambar 2007 suka isa cibiyar hotuna da Cornell Capa, ƙanen Robert, ya kafa a Niyok. Kwalaye uku ne, da naɗin fim 126, hoto kusan 4,500, an rubuta bayanin naɗe-naɗen da hannu a cikin murfi. Weisz kuwa ya rasu a Janairun wannan shekara ta 2007 a birnin Meziko, garin da kwalayen suka yi shekara da shekaru a ajiye.

Me aka ƙaru da shi? Da yake a jikin naɗin fim hotuna a jere suke bi da bi, masana sun iya ganin abin da aka ɗauka kafin kowane hoto da bayansa, aka kuma ƙara tantance aikin Taro, wanda ya daɗe a cakuɗe da na Capa. Amma uwar shahararren hoton nan na Capa na 1936, na sojan da ke faɗuwa, ba ta cikin kwalayen. Saboda rashinta har yanzu ana gardama a kan ko harbin gaske ne ko shiri ne. Wato inda uwa ta ɓace, babu mai raba gardama.

Akwatin ƙarfe a Bamako

Yanzu bari mu dawo nan Afirka ta Yamma, inda al'adar ta sha bamban. A nan mai situdiyo shi ke ɗauka, shi ke wankewa, ya ba ka kati ya riƙe uwar, domin in kana son ƙari ka komo wurinsa. Seydou Keïta na Bamako ya fara da Brownie da wani kawunsa ya kawo masa daga Sanagal a 1935, ya buɗe situdiyonsa a 1948, ya yi ta ɗaukar mutanen gari cikin adonsu har zuwa farkon shekarun 1960, lokacin da gwamnatin Mali ta ɗauke shi aiki. Dubban nagatif ɗinsa ya adana su a akwatin ƙarfe.

A 1991 aka nuna waɗansu hotunansa a wani baje-kolin zane-zanen Afirka a Niyok, aka rubuta a ƙasansu cewa ba a san mai ɗauka ba. Wani attajiri mai tara kayan fasaha, Jean Pigozzi, ya tura André Magnin Bamako neman mai su. Malick Sidibé, wani mai hoton garin, shi ya duba ya ce ai aikin Keïta ne. Da aka je, sai ga akwati. Magnin ya zaɓi nagatif 921 ya tafi da su Faransa, aka buga su manya-manya, a 1994 aka yi masa baje-koli na kansa a Faris, sunansa ya zaga duniya. Da akwatin nan ruwa ya ci shi, da har gobe sunan Keïta "ba a sani ba". Sai dai bayan rasuwarsa a 2001, rigima a kan wa ke da ikon riƙe waɗannan nagatif 921 da buga su ta kai har gaban kotu. Darasi na biyu ke nan: adana uwa abu ɗaya ne, fitar da ita daga hannu ba tare da yarjejeniyar da kowa ya fahimta ba kuma wani abu ne daban.

A shekarun 1980 injinan wankin hoto mai launi suka bazu a biranen yankinmu, da yawansu a hannun 'yan Koriya ta Kudu. Wannan ya karya kasuwar masu ɗakin duhu na baƙi-da-fari, ya kuma haifar da masu yawo da kyamara a wuya, waɗanda muka saba gani a wuraren biki da suna da hawan salla a Kano da Zariya da Katsina da Maraɗi. Su ɗauka su kai wurin wanki, su raba katuna su karɓi kuɗinsu. Uwar kuwa ba ta da takamaiman mai riƙo: mai biki bai nema ba, mai yawo ba shi da ɗakin ajiya, mai inji kuma ba aikinsa ba ne.

Bayan zuwan kwamfuta

Abin mamaki, wani injiniyan Kodak ne, Steven Sasson, ya ƙera kyamarar farko marar fim a 1975, ita ce kuma daga baya ta ci kasuwar kamfanin. A 2009 aka daina yin fim ɗin Kodachrome. Wuri na ƙarshe a duniya da ke wanke shi, Dwayne's Photo a garin Parsons na jihar Kansas, ya rufe karɓa a ƙarshen 2010. A Janairun 2012 Kodak ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Duk da haka fim bai mutu ba. Matasa sun sake waiwayarsa, har aka dawo da fim ɗin Ektachrome a 2018.

Sai dai wankin ya canja kama. Yanzu akasari idan an wanke fim, na'ura ce ke kwafe hotunan zuwa kwamfuta a aiko wa mai su. A shekarun 2010 waɗansu manyan kantunan Amurka suka cire injinansu, suka koma tura fim wata cibiya mai nisa, a dawo da kati da faifai kawai, uwar kuwa a zubar. Alhali kwafin kwamfuta iyakarsa ƙarfin na'urar da ta yi shi a ranar. Uwar da aka wanke da kyau aka adana, ana iya sake kwafe ta da na'urar da ta fi bayan shekara hamsin, kamar yadda aka yi wa na Weisz.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mai neman wurin wanki a yau yana iya tsintar ma'auninsa. Ya tambaya tun kafin ya miƙa fim: a nan ake wankewa ko turawa ake yi, kuma za a maido uwar ko kuwa? In ana riƙe ta na wani lokaci kafin a zubar, kwana nawa ne? Ya lura ko ana manna lamba iri ɗaya a jikin fim da ambulan, don kada kayan wani su shiga na wani. Ya fara gwada su da naɗin da ba zai yi kukan rashinsa ba, ya duba ko ya dawo a yanke cikin rigar leda, babu ƙarzuwa, babu tabon ruwa ko shatin yatsa. In ya karɓo, ya rubuta rana da wuri da sunayen mutane, ya ajiye inda zafi da laima ba sa kaiwa, domin su ne manyan abokan gabar fim a ƙasarmu.

Mu marubuta mun san wahalar neman hoton wani dattijo da ya riga mu gidan gaskiya don bangon littafi, a ƙarshe a samo kati ɗaya da ya koɗe, wanda shi ma daga wani katin aka ɗauko. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa, duk wanda ya san tsohon mai situdiyo a unguwarsu, ko magadansa, ya je ya gaishe su ya tambayi inda akwatin yake, tun damina ba ta riga shi ba.