Kartush ɗin tawada: abin da ke cikinsa da yadda ake sake cika shi

Kartush, ko katirij kamar yadda ake kiransa a Najeriya da Ghana, shi ne ɗan akwatin roba da ke riƙe tawada a cikin firinta. A ƙananan firintocin HP da Canon, kan da ke fesa tawadar yana manne a ƙasan kartush ɗin, don haka duk wanda ya yar da shi, ya yar da kan ma.

Abin da ke ciki

Mafi yawan cikinsa soso ne da ke tsotse tawada ya riƙe ta don kada ta zuba. A sama, ƙarƙashin lakabin da aka liƙa, akwai ƙaramar kafar iska; idan ta toshe, tawada ba za ta sauko ba. Kartush mai launi yana da ɗakuna uku: shuɗi mai haske, ja mai garwaye da shuɗi, da rawaya.

A ƙasa akwai ɗaruruwan ƙananan huji, kowane da ɗan abin zafafawa. Wutar lantarki na ƙona shi zuwa kusan digiri 300 cikin ƙiftawar ido, kumfa ya taso ya tura ɗigo kan takarda. Canon da HP ne suka gano wannan dabara a ƙarshen shekarun 1970, HP ta fitar da ThinkJet a 1984. Epson kuwa ba ta amfani da zafi, sai wani sinadari da ke lanƙwashewa idan wuta ta ratsa shi.

Tawadar ce ke sanyaya abin zafafawar. Wanda ya ci gaba da bugawa bayan rubutu ya fara dusashewa yana iya ƙona kan, kuma ƙonannen kai ba ya gyaruwa.

Sake cikawa

A cika shi tun kafin ya ƙafe sarai. A ɗaga lakabin, a soka allurar sirinji cikin soson, a tura tawada sannu a hankali, a dakata da zarar ta fara leƙowa. A tabbatar kowane launi ya shiga ɗakinsa. A kula da irin tawadar: baƙin Canon PG-445 na gari ne mai ƙwayoyi, CL-446 kuma na rini ne, ba a haɗa su. Bayan nan a dangwala kan a jiƙaƙƙen tishu, kada a taɓa jan ƙarfen da ke haɗuwa da firinta, kada kuma a rufe kafar iska ruf.

Firinta na iya ci gaba da cewa tawada ta ƙare, domin ƙiyasta ɗigon da aka fesa take yi, ba auna soson ba. A yawancin Canon, danne maɓallin tsayawa na daƙiƙa 5 yana ba ta damar ci gaba.

A lokacin hunturu tawada na saurin bushewa a bakin hujin, don haka a riƙa buga ko da shafi ɗaya kowane mako.