Gajeren Bakan Maharba da Matsayinsa a Tarihin Kudancin Sakkwato

Masu rubuta tarihin yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa sun fi mai da hankali ga doki da sulke da lifidi, domin su ne kayan sarakuna, su kuma mawaƙan fada suka wasa. A wannan maƙala muna so mu juya ga makamin talaka, watau baka, musamman ɗan gajeren nan da maharba ke sassaƙa wa kansu a yankin Kebbe da Tambuwal, inda Gulbin Zamfara ya ratsa ya nufi Jega. Ra'ayinmu shi ne gajartarsa ba kāsawar gwaninta ba ce. An yi shi haka ne da gangan, saboda aikin kisa ba a wuyansa yake ba, yana wuyan dafi.

Bari mu fara da icen. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya kuma faɗaɗa aikin a 1937, ya nuna cewa mutanen ƙasashen nan sun san itatuwansu sani na ƙwarai. Daga cikin waɗanda ake yin baka da su akwai dargaza da ɗunɗu da gora, dukkansu masu tanƙwaruwa su koma yadda suke. Maharbi yakan zaɓi reshe miƙaƙƙe marar gaɓa, ya bar shi ya bushe a inuwa, in yana da karkata ya gasa shi sama-sama ya miƙar, sa'an nan ya riƙa kankare shi da wuƙa, tsakiya da kauri, bakunan biyu suna sirancewa. A nan ne wuyar aikin take. Sanda gajeriya ta fi doguwa shan wahala in aka ja ta, domin lanƙwasar da doguwa za ta rarraba a kamu huɗu, ita a kamu biyu da rabi ko uku za ta ɗauke ta. Saboda haka in gefe ɗaya ya fi ɗaya taushi, ko wuƙa ta yanke jijiyar icen ta bayansa, to, ran da aka ja shi da ƙarfi zai tsage. Shi ya sa ake kankara kaɗan, a ɗaura tsarkiya a gwada, a sake kankarawa, har gefen biyu su tanƙwaru daidai. Ita tsarkiya da fata ake murɗa ta.

To, me ya sa maharbi zai zaɓi abin da ya fi wuyar yi, ya kuma fi ƙarancin ƙarfi? Dalili na farko daji ne. Wanda ke sanɗar gada ko barewa a durƙushe cikin sarƙaƙiya da dogon gamba ba ya son sandar da za ta riƙa sarƙewa a reshe. Na biyu kuwa, wanda ya fi muhimmanci, shi ne kibiyar. Kibiyar ƙasar nan kyauro ce marar nauyi, ba a sa mata gashin tsuntsu, bakinta ƙarfe ne mai kunne wanda maƙeri ya ƙera, an kuma shafe wuyanta da dafi. Tushen dafin 'ya'yan kwankwani ne, a kan gauraya su da wasu abubuwa da kowane gida ke ɓoyewa. Sinadarin da ke ciki zuciya yake kamawa ya tsayar da ita. Thomas Fraser na Jami'ar Edinbara ya ware irinsa daga ɗan'uwan wannan tsiro, ya kuma shigar da shi cikin magungunan zuciya a 1885. Aikin baka ke nan kawai ya kai ƙarfe ya huda fata. Maharbi ya bi sawu har dabba ta faɗi, ya yanka, ya yanke naman da ke kewaye da raunin ya yar.

In muka kwatanta da Ingila za mu ga bambancin sarai. Bakan Ingilishi na zamanin da ya kai ƙafa 6 ko fiye, kuma waɗanda aka tsamo daga jirgin Mary Rose da ya nutse a 1545 sun nuna cewa sai ƙaƙƙarfan da ya yi shekaru yana horo ke iya jan su. Su ƙarfin dantse suka dogara da shi don huda sulke. Mutanenmu kuwa sun sauƙaƙa icen, suka zuba iliminsu a tukunyar dafi.

Wannan sauƙi ya yi tasiri a tarihin jihadi. Makamin da makiyayi ko manomi zai yi da wuƙarsa, bai sayi komai ba sai bakin kibiya, makami ne da sarki ba zai iya hana talaka mallaka ba. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, dawakin Jama'ar Shehu Usmanu ba su wuce kamar 20 ba, amma 'yan baka suka karya barden Yunfa masu lifidi. Lifidi na tare kibiya, amma ba ya rufe doki duka, kuma ƙwarzane ɗaya ya isa. A 1823 Baturen nan Denham ya ga irin haka a Musfeya ta ƙasar Mandara, inda kibiya mai dafi ta yi ajalin Bu Khallum, shugaban Larabawa 'yan bindiga da ya raka. Clapperton ma da ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa Konya a 1826, bindigogi 'yan ƙalilan ya gani.

Yankin da muke magana a kansa yana tsakiyar waɗannan al'amura. Gimbana, garin Abdussalami da Gobirawa suka ci a ƙarshen 1803, tana nan yamma. Gwandu da Alwasa, inda aka gwabza a 1805, ba su da nisa. Tambuwal kuwa ribaɗi ce da aka ɗora wa Muhammadu Buhari ɗan Shehu don tsaron wannan sashe. Ribaɗi ganuwa ce da mutanen da za su tsaya a kanta, kuma a kan ganuwa ɗan baka ya fi mahayi amfani. Sarautar Sarkin Baka da ta wanzu a garuruwan Hausa shaida ce ta yadda farauta da yaƙi suka haɗa mutum ɗaya: da rani ya jagoranci maharba, in an buga tambari ya jagoranci 'yan baka.

Bindiga mai ruwa ce ta rufe wannan babi a Giginya ranar 15 ga Maris 1903, ko da yake a Fabrairun 1906 mutanen Satiru sun fatattaki sojan Turawa da gatura da fartanyu da kibau kafin a rushe garinsu a watan Maris. Daga nan baka ya koma daji. Can ma dokar kare namun daji ta 1916, da ta Jihar Arewa ta 1963, da yaɗuwar adaka, da sarar daji don noma, suka yi ta rage masa fili. Yaro na iya koyon kankare dargaza cikin damina ɗaya in ya sami mai nuna masa. Haɗin dafi kuwa a bakin tsofaffi yake, ba a rubuce ba.