Wa Ke Naɗa Masu Riƙon Makarantunmu?

Bolari mazaɓu biyu ce, ta Gabas da ta Yamma, cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Gombe, kuma duk zaɓen da ya zo, akwatuna da dama a harabar makarantun firamare ake girka su. A bakin ajin da yaro ke zama a ƙasa, nan ubansa zai bi layi ya dangwala wa kansila da gwamna da shugaban ƙasa. Amma tun da aka kawo boko ƙasar Buba Yero, wato Gombe, ba a taɓa kiran iyaye su kaɗa ƙuri'a kan wanda zai riƙe ita makarantar ba. Na riƙe alli, na yi hedimasta, na rubuta bayanan taron kwamitin makaranta har yatsa ya yi kanta, kuma duk wanda ya taɓa zama shugabana a wannan aiki daga sama aka sauko mana da shi.

Malaman da suka koyar da mu a hannun En'e suka tashi. A zamaninsu makarantar elementare ta Sarki ce da majalisarsa. Daga baitulmali ake biyan albashi, dagatai da masu unguwa ke kawo yara, sau da yawa iyaye na kuka, wasu ma har su ɓoye ɗa a rumbu. Wanda ya yi ƙoƙari sai Midil ta Bauchi, domin a lokacin Gombe a Lardin Bauchi take. Wannan Midil ɗin ba ƙaramar makaranta ba ce a tarihin siyasar Arewa. Abubakar Tafawa Balewa ya koyar a cikinta har ya zama hedimasta, ya je Landan karatun aikin malanta a 1945, ya dawo ya shiga Majalisar Dokokin Arewa. Malam Aminu Kano ma ya koyar a can, kuma shi ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948. Ka ga ke nan daga aji aka samo waɗanda suka fara neman ƙuri'ar talaka, ita makarantar kuwa ba wanda ya tambayi talaka ra'ayinsa a kanta.

Dokar ilimi ta Jihar Arewa ta 1962 ita ta haifar da hukumomin ilimi na yanki, wato LEA, sunan da har gobe tsofaffi ke kiran firamaren gwamnati da shi. Sai 1976, shekarar da ta girgiza komai lokaci guda: aka kafa Jihar Bauchi, aka maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, a watan Satumba kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da UPE, firamare kyauta ga kowa. Yara suka cika azuzuwa maƙil, aka yi ta ɗiban malamai da guntun horo. Da kuɗin mai suka ja baya a farkon shekarun 1980, albashi ya fara tsayawa.

Mu da muka ga abin da ya biyo baya ba ma mantawa. A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar firamare ta ƙasa, albashi ya daidaita, malami ya fara iya cin bashin mai shago da gaba gaɗi. A 1991 aka rushe ta, aka damƙa firamare a hannun ƙananan hukumomi. Malamai suka koma noma da facin taya da acaɓa, wasu azuzuwan suka zama makwancin awaki. A 1993 aka dawo da hukumar, tare da ta jiha da ta ƙaramar hukuma. Shi ya sa da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, mutane na murna, tsofaffin malamai na jan numfashi. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Tsarin da muke ciki yau ya samo asali daga shirin ilimin matakin farko ga kowa, UBE, da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, bayan Gombe ta zama jiha a 1996, da dokarsa ta 2004. Tarayya na ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta ga ilimin matakin farko, jiha kuma sai ta ajiye kwatankwacin kason gine-gine kafin ta karɓa. Shugaban SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, da mambobinta gwamna ke naɗawa. Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, wanda mu malamai muke kira ES, shi ma naɗi ne. An samu mutanen kirki a waɗannan kujeru, na yi aiki da wasunsu, kuma dokar ta-ɓaci da Gwamna Inuwa Yahaya ya ayyana kan ilimi a 2019 ta kawo sababbin azuzuwa da idona ya gani. Sai dai wanda aka naɗa, idonsa na kan wanda ya naɗa shi. Uban yaro ba shi da ranar da zai ce masa bai gamsu ba.

Wurare biyu kacal ne maƙwabta ke fitar da mutum da kansu: taron iyaye da malamai, PTA, da kuma kwamitin kula da makaranta, SBMC, wanda Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince da kafa shi a kowace makaranta a tsakiyar shekarun 2000. A takarda abin gwanin sha'awa. Akwai kujerar wakilin sarauta, da ta malaman addini, da mata, da matasa, da masu sana'ar hannu, da tsofaffin ɗalibai, har da ta yaran da ke karatu. Hedimasta ne sakatare.

Ga yadda na sha ganin ana yi. A jera bencina a inuwar darbejiya bayan la'asar, a yi addu'a, sai wani dattijo ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, mu dai mun ga ya dace Alhaji ya riƙe mana." Alhaji ya ɗan noƙe, jama'a su ce sun amince, a shafa fatiha. Ba wanda ya tambaya ko Alhaji yana da ɗa ko jika a makarantar. Sau da yawa 'ya'yansa na makarantar kuɗi. Wani kuma tsani yake nema zuwa kujerar kansila, ya fi damuwa da hoton ranar rabon littattafai. Tun da UBEC, hukumar UBE ta tarayya, ta fara tura kuɗin gyara kai tsaye zuwa asusun wasu kwamitoci, masu son kujerar suka ƙaru.

Na kuma ga akasin haka, shi ya sa ban fid da rai ba. A wata makaranta, wata baiwar Allah mai suyar awara a bakin ƙofa ta miƙe daga bayan taro ta ce, "Malam, a gafarce ni. Kun yi ta maganar fenti. Kun san me ya sa 'yan matan aji biyar da shida ke tafiya gida da tara ba su dawo ba? Ban-ɗakin ba ƙyaure." Wuri ya yi tsit. Kafinta da ke cikin kwamitin ya ce shi ba zai karɓi kuɗin aiki ba, a sayo katako da kwano kawai. Daga baya matan unguwar suka tsaya kai da fata sai da aka saka ta a kwamiti, kuma ita ce ke bi gida-gida in yarinya ta kwana biyu ba ta zo ba. Ba ta da takardar shaidar komai. Sunan kowace yarinya da na uwarta ne a kanta.

'Yan'uwanmu na Nijar sun riga mu gwada wata hanya. A jihar Tawa, daga 2004, wani shiri na haɗin gwiwa da hukumar JICA ta Japan ya sa mutanen gari su zaɓi shugabannin kwamitin makaranta, COGES, ta ƙuri'ar asiri, daga baya aka faɗaɗa tsarin zuwa sauran ƙasar. Hikimar a fili take. Mutumin da ba zai iya ɗaga hannu ya saɓa wa mai gari a bainar jama'a ba, a bayan labule zai zaɓi wanda ya yarda da amanarsa. A Amurka ma akasarin mambobin hukumomin makarantu na gundumomi zaɓensu ake yi, kuma kowa na iya duba ƙuri'a nawa mutum ya samu da yadda ya tsaya kan kowane batu.

Ba sai an taɓa tsarin mulki ba kafin mu yi irin wannan a Bolari. SUBEB na iya fitar da takarda guda: a sa rana ɗaya ta zaɓen kwamitoci, a yi shela a masallatai da coci-coci da gidajen rediyo, a ba mata lokacin da za su iya fitowa, a kuma girmama wa'adi. Duk mai neman kujera ya tsaya gaban iyaye ya faɗi sana'arsa, da inda 'ya'yansa ke karatu, da taro nawa ya halarta a wa'adin da ya wuce. Amsar ta ƙarshe ba ta buƙatar rantsuwa, domin tana cikin littafin taro da ke durowar kowane hedimasta, da sa hannun wanda ya zo da gurbin wanda bai zo ba. A fito da littafin ranar zaɓe, a ba ɗan aji shida ya karanta wa jama'a.