Lasisi da Bakin Magana: Ina Iyakar Hukuma a Kan Gidajen Yaɗa Labarai?

Gidan jarida kamfani ne. Yana ɗaukar ma'aikata, yana sayar da filin talla, yana cin riba ko ya yi asara, don haka ba shi da hujjar fakewa da 'yancin faɗar albarkacin baki ya ƙi biyan haraji ko haƙƙin ma'aikaci. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke wannan tun 1937, lokacin da kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya kori wani edita saboda harkar ƙungiyar ƙwadago: dokar da ta hau kan kowa ta hau kan mai jarida.

Amma shekara guda kafin nan, kotun ta soke wani harajin jihar Luwiziyana, na kashi 2 cikin ɗari a kan kuɗin tallan jaridun da ke buga fiye da kwafi 20,000 a mako. Jaridu 13 ya shafa, kuma kusan dukkansu masu adawa ne da Sanata Huey Long, wanda siyasar jihar ke hannunsa lokacin da aka ƙaƙaba harajin. Sunansa haraji, aikinsa takunkumi. Hukunce-hukuncen biyu ba su ci karo da juna ba. Ma'auninsu ɗaya ne: shin dokar ta kowa ce, ko an ɗinka ta ne daidai wuyan masu magana?

A Najeriya ma'aunin ya fi wuyar aiki a fagen rediyo da talabijin. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin bayyana ra'ayi, amma sashen da kansa ya ce ba mai kafa tasha, in ba gwamnati ba, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992 a zamanin soja, ita ke karɓar kuɗin lasisi, ita kuma ke sa ido kan abin da aka faɗa. A ganina nan gizo ke saƙar.

A duba watan Agustan 2022. A farkonsa hukumar ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindigar Arewa maso Yamma. Kafin watan ya ƙare ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 kan bashin naira biliyan 2.66, ana saura wata shida zaɓe, kodayake daga baya an dakatar da matakin. Bashin ba ƙage ba ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake bi tashoshin gwamnatocin jihohi ne, abin da masu sukar hukumar kan tsallake. Sai dai mai tashar da ake bi bashi, wanda ya ga abin da ya sami Trust TV, ba ya buƙatar a kira shi a waya kafin ya ce wa editansa a sassauta.

A Mayun 2023 Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja, a ƙarar da ƙungiyar Media Rights Agenda ta shigar, ya ce NBC ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin tara, domin ba za ta zama mai ƙara kuma alƙali ba. Hukuncin ya taɓa tara, bai taɓa lasisi ba. Muddin Shugaban Ƙasa ne ke naɗa shugabannin hukumar, shi ne kuma ke amincewa da lasisi, gyaran da ya rage na Majalisar Tarayya ne: a raba mai karɓar kuɗi da mai hukunta magana, a kuma hana soke lasisi sai da umarnin kotu.