Zumuntar Maza da Nauyin da Ba a Faɗa

A yawancin ikilisiyoyin da ake sujada da Hausa, daga ECWA da COCIN zuwa EYN da HEKAN, akwai Zumuntar Mata, akwai kuma Zumuntar Maza. Ta mata tana da ranar taronta a mako, da ankonta, da waƙoƙinta, da al'adar zuwa gidan wadda aka yi wa rasuwa a zauna da ita har ta ɗan samu sauƙi. Ta maza kuwa, inda ma take da rai, galibi zancenta kuɗin gini ne da shirin taron shekara. Ra'ayina shi ne, ikilisiyar Arewa tana da duk abin da ake buƙata don tallafa wa namijin da damuwa ta danne, amma ba ta buɗe masa wurin da zai ce "na gaji" ba tare da an auna bangaskiyarsa ba.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa mutum fiye da 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kuma maza sun ninka mata fiye da sau biyu. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya sun kai miliyan 14.3, kuma uku cikin huɗu maza ne. Ga kuma abin da rikici ya bari. A Oktoban 2014 Boko Haram ta mamaye Mubi da hedikwatar EYN da ke Kwarhi. Magidancin da ya tsere a lokacin, wanda a da rumbunsa ke ciyar da gida har da baƙi, ya wayi gari a sansani yana bin layin karɓar awo. An lissafa gonarsa da shanunsa cikin asara, amma ba wanda ya lissafa abin da ya karye a zuciyarsa ranar da 'ya'yansa suka ga bai iya kare su ba.

Irin wannan mutum ba ya cewa yana da ciwon damuwa. Zai ce barci ya ƙaurace masa, ko hawan jini ya tashi, ko tunani ya yi masa yawa. Yakan daina zuwa addu'ar safe, ya koma kujerar baya a majami'a, ya fice kafin a sa albarka. Daga nan sai faɗa da iyali, ko gidan burkutu. Tun yana yaro aka koya masa cewa namiji ba ya kuka, yanzu kuma ya ji daga bagade cewa mai bi na gaskiya ba ya karaya. Kunya ta zama biyu. Sau da yawa dattawa ba sa kiransa sai shan giyar ya fito fili, kuma kiran na horo ne.

Littafi Mai Tsarki bai goyi bayan wannan koyarwa ba. A 1 Sarakuna sura 19, Iliya, bayan babbar nasararsa a Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Abin lura shi ne tsarin amsar da ya samu. Ba a tsawata masa ba. An bar shi ya yi barci, an ba shi gurasa da ruwa har sau biyu, an saurari kukansa a Horeb, sannan aka sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka kuma ba shi Elisha abokin aiki. An fara da jiki, aka ƙare da zumunci. Abokan Ayuba ma sun fi yi masa amfani a kwana bakwai ɗin da suka zauna shiru, kafin su buɗe baki su fara neman zunubin da ya jawo masa masifa. A Gatsemani, Yesu da kansa ya faɗa wa Bitrus da Yaƙub da Yohanna tsananin baƙin cikinsa, ya nemi su tsaya tare da shi. Idan Ubangiji bai ɓoye wa abokansa ba, da wace hujja za mu ce wa magidanci ya haɗiye?

Wani zai ce ikilisiya ba asibiti ba ce. Gaskiya ne, shi ya sa dole ta san iyakarta. Faston da ya ce a bar magani a riƙe azumi kawai ya cutar da tumakinsa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, kuma a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Sai dai likitocin kaɗan ne, kuma tsoron a ce mutum ya taɓu yana hana zuwa. Aikin da Farfesa Thomas Lambo ya fara a Aro kusa da Abeokuta a 1954, inda marasa lafiya ke zama a ƙauyuka tare da danginsu suna karɓar magani, ya nuna cewa jinya ta fi kama jiki idan jama'a na kusa. Raka ɗan'uwa asibiti, a zauna da shi a kan benci har a kira sunansa, hidima ce ta ikilisiya.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi. Zumuntar Maza ta ware lokacin da ba a zancen gudummawa, a zauna ƙungiya-ƙungiya ta mutum biyar ko shida. Wanda aka daina gani a bi shi gida, ba da wa'azi ba. Sharaɗi mafi wuya shi ne riƙon asiri, domin namijin da ya ji sirrinsa ya zama "abin addu'a" a gaban jama'a ba zai ƙara buɗe baki ba. Makarantun tauhidi irin su JETS a Jos da TCNN a Bukuru su ƙarfafa koyar da alamun ciwon damuwa da lokacin da ya kamata a tura mutum wurin likita. Shi kansa fasto yana cikin masu bukata: a yankunan rikici shi ke binne waɗanda aka kashe, ya ta'azantar da gwauraye, ya koma gida ba mai tambayarsa ko yana samun barci. Majalisun gundumomi su sa wannan tambaya cikin ziyarar da suke kai wa fastocinsu.