Halittar da masana suka kifar da ita shekara 14

Yau labarin wata ƴar tsutsar teku na kawo muku, wadda tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, amma ta yi wasa da hankalin masana sama da shekara ɗari.

A 1909, wani Ba'amurke mai suna Charles Walcott ya gano wani wuri bisa duwatsun yammacin Kanada, ana ce masa Burgess. Dutsen wurin falle-falle ne, lakar ƙasan teku ce ta daskare tun shekara miliyan 508. Kada ku yi mamakin jin teku bisa dutse: ko a nan gida, farin dutsen da ake siminti da shi a Malbaza teku ne ya bar shi, sai dai namu yaro ne ƙwarai a kan wancan. Abin da ya sa Burgess ya yi suna shi ne, laka ta rufe halittun da sauri, har masu taushin jiki, marasa ƙashi, sun bar siffarsu jikin dutsen.

Walcott ya kwaso burbushi fiye da 65,000. A 1911 ya dubi wagga halitta, ya sa ta cikin dangin tsutsotsin teku da aka sani, ya wuce.

Sai 1977 wani matashin masani na jami'ar Kambirij a Ingila, Simon Conway Morris, ya sake dubawa, ya ce a'a. Ya ga dogayen ƙayoyi bakwai-bakwai a jere biyu, ɗaya gefen kuma wasu siraran abubuwa masu laushi a jere ɗaya tak. To, dabba ba ta tafiya da ƙafafu jere ɗaya. Sai ya yanke cewa ƙayoyin ne ƙafafu, masu laushin kuma bisa baya suke, da su take cin abinci. Wani dunƙule da ke can ƙarshe ya ɗauke shi kai. Da ya zana ta, abin ya fito kamar na mafarki, shi ya sa ya raɗa mata Hallucigenia. Masu Faransanci sun gane tushen kalmar: gane-ganen abin da babu shi.

Ni dai ban ga laifinsa ba. Ku taka shanshani da takalmi, ku ba wanda bai taɓa ganinsa ba, ku ce shi nuna muku ciki da baya. Haka nauyin laka ya latse ta.

Gyaran daga ƙasar Sin ya zo. A Chengjiang an haƙo danginta waɗanda siffarsu ta fi fita, a 1991 kuma Lars Ramsköld da Hou Xianguang suka ce a juya ta: masu laushin nan su ne ƙafafu, ƙayoyin kariya ce bisa baya. Da Ramsköld ya kankare dutsen a hankali, sai ga jere na biyu na ƙafafun ɓoye a ƙasa. Shekara 14 ke nan tana kife cikin littattafai.

Saura kai. A 2015 Martin Smith da Jean-Bernard Caron suka sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma mai ƙarfi, suka samu idanu biyu da ƴan haƙora a siririn ɓangaren da aka daɗe ana ɗauka wutsiya ce. Dunƙulen nan fa? Ruwan ruɓa ne da ya fito mata ta baya lokacin da laka ta danne ta.

Yanzu an sa ta cikin rukunin tsutsotsi masu ƙafafu da ake kira lobopodiya. Faratanta sun yi kama da na wata tsutsa mai laushin jiki da har yau ke rayuwa ƙarƙashin ruɓaɓɓun itatuwa a dazuzzuka masu damshi.