Yamutsewar makula

Yamutsewar makula cuta ce ta ido da ke faruwa idan wani siririn tabo ya fito a kan retina, wato tantanin da ke shimfiɗe a can bayan ƙwayar ido, mai karɓar haske. Makula ita ce tsakiyar wannan tantani. Faɗinta kimanin milimita 5.5 ne kacal, amma da ita ake karatu, ake zura zare a allura, ake kuma gane fuskar mutum. Idan tabon ya tsuke, sai ya ja makular ta yamutse kamar takardar da aka dunƙule aka sake buɗewa. Wani likita mai suna Iwanoff ne ya fara bayyana cutar a shekarar 1865.

Ko da yake tabon yana kama da yana, cutar daban take da yanar ido. Ita yanar ido a gaban ido take, inda madubin ido ke dushewa, wannan kuwa a bayan ido take, kuma ba a ganin ta sai da na'ura.

Dalilai

Galibi tsufa ne ke kawo ta. Cikin ƙwayar ido cike yake da wani ruwa mai kauri kamar farin ɗanyen ƙwai. Bayan shekara 50, ruwan yakan tsinke ya rabu da retina. Ga mafi yawan mutane wannan ba ya barin wata illa sai 'yan ɗige-ɗige masu shawagi a gani. Ga wasu kuwa, rabuwar takan kurje fuskar retina, sai ƙwayoyin halitta su taru a wurin don gyara, su zama tabo. Yagewar retina ko ɓallewarta, kumburin cikin ido, rauni, toshewar jijiyoyin jinin ido da aikin yanar ido duk suna iya jawo ta. Haka ma ciwon sukari da sikila idan sun taɓa retina.

Alamomi

Babbar alamarta ita ce layin da yake miƙe ya riƙa bayyana a karkace. Mai cutar yakan ga dokin ƙofa ya lanƙwashe, ko layin rubutu yana hawa da sauka. Tsakiyar gani yana dishi-dishi, ƙananan haruffa su yi wuyar karantuwa. Ba ta ciwo, ba ta taɓa ganin gefe, kuma ba ta kai mutum ga makanta gaba ɗaya. Sau da yawa ido ɗaya take kamawa, lafiyayyen idon ya riƙa rufa wa ɗayan asiri, har mutum ya daɗe bai lura ba sai ranar da ya rufe mai lafiyar.

Ganowa da magani

Likita yakan ɗiga magani ya buɗe ƙwayar ido ya duba retina, sannan ya ɗauki hotonta da na'urar OCT, mai nuna tabon da kaurin makula. Akwai kuma takardar Amsler mai layuka a gicciye, wadda ake kallo da ido ɗaya-ɗaya, ko a gida.

Yawancin masu cutar ba sa bukatar komai sai dubawa lokaci-lokaci, domin takan tsaya yadda take shekaru da dama. Tabarau ba ya miƙe karkacewar, kuma babu maganin ɗigawa ko na sha da ke narkar da tabon. Idan ta hana mutum karatu ko tuƙi, sai a yi tiyata: a cire ruwan cikin idon, a ɓare tabon da wani ɗan ƙaramin hantsaki. Robert Machemer ne ya fara wannan salon cire ruwa a Amurka a 1970. Gani yakan ƙaru a hankali cikin watanni, sai dai ba kullum yake komawa yadda yake a da ba. Tiyatar takan gaggauta fitowar yanar ido, kuma a wasu lokuta kaɗan retina kan ɓalle, ko tabon ya sake fitowa.